Kama da Wane Ba Ta Wane: Hotunan Fada Hidalgo na Ƙasar Meksiko

Hausawa sun ce gani ya kori ji. In an ba ka labarin mutum kana iya yin shakka, amma in an nuna maka hotonsa sai ka ce, to, yanzu na san shi. Yau za mu tafi wata ƙasa mai nisa mu duba ko wannan magana kullum haka take.

Ƙasar ita ce Meksiko, can hayin tekun Atlantika, kudu da Amurka. A ƙasar nan akwai mutum guda wanda babu yaron da bai san fuskarsa ba. Tsoho ne mai sanƙo, farin gashi ya zubo masa ta gefen kunnuwa, yana sanye da doguwar baƙar riga. Yana cikin littattafan lakkol, yana bisa tambur, yana bisa takardar kuɗi ta peso 200 wadda aka fitar a 2019, kuma mutum-mutuminsa na tsaye a dandalin garuruwa. Sunansa Migel Hidalgo. Limamin Kirista ne, ɗan ɗarikar Katolika, irin waɗanda ake ce ma Fada. Mutanen Meksiko suna kiransa uban ƙasa, domin shi ya fara tada yaƙin fita daga mulkin Sipaniya a shekara ta 1810.

Ga abin mamaki. Cikin hotunan nan duka, babu ko ɗaya da aka tabbata an zana shi lokacin da mutumin yake da rai. Injin ɗaukar hoto bai fito ba sai 1839, shekara 28 bayan mutuwarsa. To, wannan fuska daga ina ta fito? Wa ya ba shi ita, kuma don me?

Wane ne Hidalgo

Turawan Sipaniya sun ci ƙasar Meksiko a 1521, suka riƙe ta shekara 300. A zamanin Hidalgo mutanenta sun kai wajen miliyon 6, kuma an jera su hawa-hawa. A bisa akwai ƴan tsirarun Turawa haifaffun Sipaniya, su ke da manyan muƙamai. Ƙarƙashinsu akwai Turawa haifaffun Meksiko, suna da ilimi da dukiya amma ba a cika ba su babban iko ba. Sai ruwa biyu, sai ƴan asalin ƙasa waɗanda suka fi rabin jama'a, suna biyan wani lanho na musamman wanda Bature ba ya biya. Can ƙasa akwai bayi, jikokin waɗanda aka kwaso daga Afirka.

An haifi Hidalgo ran 8 ga Mayu 1753, cikin gidan Turawa haifaffun ƙasar. Ya yi karatu a makarantar San Nikolas ta garin Bayadolid, wanda yau ake kira Moreliya. Abokan karatunsa sun laƙaba masa sunan wata dabba mai wayo irin dila. Ya zama limami a 1778, ya koyar a makarantar nan har ya zama shugabanta a 1790. Bayan shekara biyu aka ɗauke shi daga wurin aka tura shi limancin ƙananan garuruwa. Mutum ne mai son karatun littattafan Faransa, da kiɗa, da zaman hira. A wani garin da ya zauna har yana shirya wasannin kwaikwayo na Moliyer a gidansa, mutane na kiran gidan ƙaramar Faransa. Tun 1800 kotun addini ta buɗe takarda a kansa saboda maganganunsa da irin zamansa.

A 1803 ya karɓi limancin garin Dolores. Nan ya shiga koya ma talakawa sana'o'i: ginin tukwane, jima, kiwon zuma, kiwon tsutsar alharini da dashen inabi. Ku riƙe wannan, ƴan uwa, don za mu koma kansa.

Wata shida na yaƙi

A 1808 Napoleyon, sarkin Faransa, ya mamaye Sipaniya, ya tuɓe sarkinta, ya naɗa ɗan uwansa. Mutanen Meksiko suka fara tambaya: tun da babu sarki na halal, wa ke da ikon mulkinmu? Ga kuma fari ya faɗa ma yankin su Hidalgo a 1808 da 1809, masara ta yi tsada, talaka ya shiga uku. Wasu hafsoshi, cikinsu da Ignasiyo Ayende da Huwan Aldama, suka shiga ƙulla shawarar tawaye a garin Keretaro, Hidalgo na cikinsu. Asiri ya tonu. Matar mai mulkin garin, Hosefa Ortis, ta aika musu da saƙo cewa za a kama su.

Da asubahin Lahadi, 16 ga Satumba 1810, aka kaɗa ƙararrawar majami'ar Dolores. Jama'a suka taru, Hidalgo ya kira su su tashi. Babu wanda ya rubuta kalmominsa a lokacin. Suka fita da adduna da sanduna da majaujawa. A majami'ar Atotonilko suka ɗauki hoton Maryamu, uwar Annabi Isa, wadda mutanen ƙasar ke kira Maryamu ta Gwadalupe, suka mai da shi tutarsu. Wani babban limami, wanda dā abokinsa ne, ya fidda shi daga cikin jama'ar majami'a. Wannan bai hana ɗaruruwa su zama dubbai ba.

Ran 28 ga Satumba suka isa Gwanahwato, garin haƙar azurfa. Turawan garin suka shige wata babbar mangazar hatsi ta dutse da iyalansu da dukiyarsu. Aka ƙone ƙofa, aka shiga, aka kashe mutane ɗaruruwa, aka washe gari. Ran 30 ga Oktoba Hidalgo, da mutane wajen 80,000, ya kori sojojin gwamnati a dutsen Las Kuruses, kusa da babban birni. Amma bai shiga birnin ba, ya juya. A Gwadalahara, ran 6 ga Disamba, ya sa hannu a takardar da ta ce kowane mai bawa ya ƴanta shi cikin kwana goma ko a kashe shi, ta kuma soke lanhon ƴan asalin ƙasa. Ya kafa jarida. A garin nan kuma aka riƙa fitar da fursunoni Turawa da dare ana yanka su ba shari'a, da saninsa.

Ran 17 ga Janairu 1811, a gadar Kalderon, soja wajen 6,000 na janar Kayeha suka watsa taronsa. Ran 21 ga Maris aka kama shi yana hanyar arewa. Aka kai shi Ciwawa, aka tuɓe masa rigar limanci, aka harbe shi ran 30 ga Yuli 1811. Yana da shekara 58. Daga kaɗa ƙararrawa zuwa kamu wata shida ne kacal.

Hoton farko

Hoton Hidalgo na farko da aka kafa a gaban jama'a, masu mulki ne suka kafa shi, kuma ba da alƙalami ba. Sun yanke kansa, da na Ayende, da na Aldama, da na wani hafsa Himenes. Suka sa kowane kai cikin kejin ƙarfe, suka rataye su a kusurwa huɗu na mangazar nan ta Gwanahwato. Shekara goma kawunan na rataye, rana na dukansu, ruwa na dukansu, har 1821. Kowa ya zo kasuwa sai ya ɗaga ido ya gani. Saƙon a fili yake, ko wanda bai iya karatu ba ya karanta shi. Ƙugiyoyin suna nan har yau a jikin ginin.

Da ƙasa ta sami ƴanci a 1821, ba ɗan Hidalgo ne ya kawo shi ba. Agustin Iturbide ne, hafsan da ya yi shekaru yana yaƙar masu tawaye kafin ya sake ra'ayi. Saboda haka aka daɗe ana gardama: wane ne uban ƙasa, wanda ya fara ko wanda ya gama? Masu dukiya da manyan majami'a suna tuna jinin Gwanahwato, suka fi son Iturbide. Masu neman sauyi suka riƙe Hidalgo. A 1823 majalisa ta sa shi cikin jaruman ƙasa, aka kawo ƙasusuwansa babbar majami'ar birnin Meksiko. Jarumi kuwa yana bukatar fuska.

Abin da mai gani da ido ya faɗa

Akwai wani marubucin tarihi, Lukas Alaman, ɗan Gwanahwato, wanda ya san Hidalgo, kuma yana saurayi ya ga ɓarnar da aka yi a garinsu. Ba ya ƙaunarsa ko kaɗan. Cikin littafin tarihinsa, wanda ya fara fita a 1849, ya siffanta shi da baki. Ya ce matsakaicin mutum ne, kafaɗunsa sun ranƙwafa, fatarsa da ɗan duhu, idanunsa tsanwa masu kaifi, kansa na sunkuye wajen ƙirji. Yana da sanƙo da furfura, amma da sauran ƙarfinsa. Ba shi da yawan magana sai in gardama ta tashi, kuma bai damu da ado ba, tufafinsa irin na limaman ƙauye ne.

Ku riƙe siffar nan a zuciya, mu auna ta da abin da masu zane suka yi.

A 1828 wani mutumin Italiya, Kalaudiyo Linati, ya buga littafin hotunan tufafin Meksiko a birnin Burusel na Beljik. Ya iso Meksiko a 1825, bai taɓa ganin Hidalgo ba. Ya zana shi ƙaƙƙarfan namiji, da malafa mai gashin tsuntsu, da tufafin mahaya, da gicciye a hannu. Mutanen Turai za su sayi littafin, su kuwa abin da suke so su gani shi ne limami ɗan tawaye na ƙasa mai nisa.

A 1831 wani mai zane Antoniyo Serano ya yi wani dabam. Nasa Hidalgo na tsaye cikin ɗaki, littattafai a bayansa, hoton Maryamu ta Gwadalupe a kusa da shi. Malami ne mai natsuwa. Shekara uku tsakanin hotunan nan biyu, amma in ka ajiye su gefe da gefe ba ka cewa mutum ɗaya ne.

Baƙon sarki ya ba shi fuska

Yanzu mun zo ga hoton da ya rinjayi sauran. Labarinsa na da ban dariya da ban tausayi.

A 1862 sojojin Faransa suka shiga yaƙi da Meksiko, da hujjar bashi. A 1864 sarkin Faransa Napoleyon na Uku ya ɗora wani ɗan sarautar Ostiriya, Maksimiliyan, bisa gadon mulkin ƙasar. Shugaban ƙasa na halal, Benito Huwares, ya koma arewa yana ci gaba da yaƙi. Maksimiliyan ya san shi baƙo ne, bindigar baƙi ce ta kawo shi. Yana neman abin da zai sa mutane su ce namu ne. A watan Satumba 1864 ya tafi har Dolores, ya tsaya a gidan Hidalgo, ya yi jawabin tuna ranar ƴanci. Sa'an nan ya sa a zana manyan jaruman ƙasar don a rataye a fadarsa. Hoton Hidalgo ya faɗa hannun Hwakin Ramires, wanda aka haifa shekara ashirin da wani abu bayan an harbe Hidalgo. Ya gama aikin a 1865.

Ku dubi abin da ya zana. Dattijo ne fari, a tsaye kyam, kansa a ɗage. Gashinsa fari fat kamar auduga. Doguwar baƙar riga, dogayen takalma na hawan doki, tebur da takardu a gefensa, hoton Maryamu a bayansa. Ba takobi a hannunsa, ba taron talakawa, ba hayaƙi. Ranƙwafawar da Alaman ya faɗa ta tafi, duhun fata ya tafi. Mutum mai shekara 57 wanda ya yi wata shida bisa hanya ya koma kaka mai haƙuri, wanda kowa ke so ya gaida.

Don me? Sarki na son uba, ba ya son ɗan tawaye. Uba yana sa albarka, yana haɗa ƴaƴa. Ɗan tawaye kuwa yana tuna ma jama'a cewa ana iya korar baƙon mai mulki. Kun san aikin maroƙi: in yana yi ma mutum kirarin kakansa, ba ya kawo abin da zai ɓata ma mai gida rai.

Dabarar ba ta ceci Maksimiliyan ba. Faransa ta janye sojojinta, mutanen Huwares suka kama shi, suka harbe shi a Keretaro a 1867. Amma hoton ya tsira. Waɗanda suka kashe sarkin suka bar shi a fada, aka yi ta kwaikwayonsa a littattafai da tambur da kuɗi. Fuskar uban ƴancin Meksiko, wadda kowane yaro ya sani, sarkin da sojojin Faransa suka naɗa ne ya sa aka yi ta.

A zamanin shugaba Porfiriyo Diyas, wanda ya riƙe ƙasa wajen shekara 30, aka ƙara ma Hidalgo girma. A 1896 aka ɗauko ƙararrawar Dolores aka rataye ta a fadar shugaban ƙasa. A 1904 Antoniyo Fabires ya zana shi yana ɗaga tuta cikin murnar nasara. A 1910, cikar shekara 100, aka buɗe dogon ginshiƙin ƴanci a babban birni, da mutum-mutumin Hidalgo na farin dutse a gindinsa. Ana wannan biki, manoma da yawa ba su da ko taƙin gona, ƙasa na hannun ƴan tsiraru. Wata biyu bayan bikin, juyin juya hali ya ɓarke, aka yi shekara goma ana zub da jini.

Bango ya zama allo

In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Bayan yaƙin, a 1921, aka naɗa Hose Baskonselos ministan ilimi. Lokacin wajen kashi biyu cikin uku na mutanen ƙasar ba su iya karatu ba. Ya tada yaƙi da jahilci, ya aika malamai ƙauyuka, ya buɗe ɗakunan karatu. Ya kuma yi wani abu: ya ba masu zane bangayen gine-ginen gwamnati, ya ce su zana tarihin ƙasa manya-manya, yadda mai tallan masara zai tsaya ya gani ba sai an karanta masa ba. Yawancinsu bisa ɗanyen yaɓe suke shafa launi, in ya bushe launin ya zama jikin bango, ba mai iya ɗauke shi ya kai gidan mai kuɗi.

Diyego Ribera ya cika bangon matakalar fadar shugaban ƙasa tsakanin 1929 da 1935. Ya sa Hidalgo a tsakiya da tsinkakkiyar sarƙa a hannu, jama'a kewaye da shi. Fuskar dai ta Ramires ce, sanƙo da farin gashi, amma an fito da shi daga ɗaki an mai da shi cikin talakawa. Ribera ɗan gurguzu ne, a wurinsa tarihi hanya ce mai tafiya gaba, Hidalgo kuma zango ne bisa hanyar.

Hidalgon Orozko

Wanda ya kamata mu daɗe a kansa shi ne na Hose Kilemente Orozko. An haifi Orozko a 1883. Yana saurayi albarushi ya fashe masa, aka yanke hannunsa na hagu, da hannu guda ya yi aikinsa duka. Ya ga juyin juya hali da idonsa, ya ga jiragen ƙasa cike da masu rauni, ya ga ana harbe fursunoni. Bai fito daga ciki da yarda da ƴan siyasa ba.

A 1937 aka ba shi bangon matakalar gidan gwamna a Gwadalahara, gidan da Hidalgo ya ba da dokar ƴanta bayi. In kana hawa matakalar ka ɗaga kai, sai ka ga ƙaton mutum ya cika rufi ya sunkuyo kanka. Farin gashinsa ya tashi kamar iska na kaɗa shi, bakinsa a buɗe, idanunsa sun faɗa. Hannun hagu ya dunƙule shi sama. Hannun dama na riƙe da bakin wuta, ya miƙo shi ƙasa. Bayansa ja wur. Ƙarƙashin wutar akwai tarin mutane masu launin toka, ba a ko gane fuskokinsu, suna soke juna da wuƙaƙe, wasu na tattake gawar wasu.

A bangon gefe guda ya zana manyan limamai da manyan soja cikin duhu, sun haɗa kai. A ɗaya gefen ya zana shugabannin siyasa kamar ƴan kama, kowa na wasa da alamarsa: ga alamar Hitila, ga guduma da lauje, ga gicciye. Ku tuna shekarar. A 1937 ana yaƙin basasa a Sipaniya, Hitila na mulkin Jamus, Musolini na Italiya, Istalin na Rasha, shekara biyu ya rage duniya ta kama da wuta.

To, ƴan uwa, wutar nan da ke hannun Hidalgo, haske ya kawo ko gobara? Orozko bai ba da amsa ba. Wani zai ce limamin ya zo ya haskaka ma waɗanda ke cikin duhu. Wani zai ce shi ya cinna wutar da ke cin su. Duka biyun suna cikin tarihinsa: mutumin da ya ƴanta bayi a garin nan shi ne ya bari aka yanka fursunoni a garin nan. Orozko bai san kamannin Hidalgo ba fiye da yadda Ramires ya sani, sanƙo da farin gashin ma aro ya yi. Amma cikin masu zane duka, shi ya fi kusa da faɗin abin da ya faru a wata shidan nan.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka, a 1948 da 1949, dab da mutuwarsa, Orozko ya koma gidan nan ya zana Hidalgo na biyu a rufin zauren majalisa. Wannan ba wuta a hannunsa. Yana rubuta kalmar ƴanci, bayi ɗaure da sarƙa na kewaye da shi. Mai zane ɗaya, gida ɗaya, Hidalgo biyu. Na farko don mai hawa matakala ya tsorata, na biyu don masu yin doka su tuna aikinsu.

Wasu suka biyo baya. A 1953, cikar shekara 200 da haihuwarsa, Dabid Sikeros ya zana korarsa daga majami'a da harbinsa. A 1955 Hose Cabes Morado ya zana ƴanta bayi a bangon mangazar Gwanahwato, ginin da kan Hidalgo ya yi shekara goma a rataye. A 1960 da 1961 Huwan Ogorman, a gidan tarihi na Capultepek, ya ga fuska ɗaya ba ta isa ba, sai ya sa shi sau biyu cikin hoto guda: ga shi da ƙuruciya cikin kayan yaƙi yana riƙe da tuta, ga shi kuma tsoho da bakin wuta.

Abin da ba a cika zanawa ba

In kuka jera hotunan nan, za ku ga akwai abubuwan da ba safai suke fitowa ba. Ba a cika zana daren Gwadalahara ba, lokacin da ake fitar da fursunoni. Ba a cika zana Hidalgo gaban masu shari'a a Ciwawa ba, inda ya amsa cewa an kashe mutanen nan ba tare da an yi musu shari'a ba. Ba a zana ƴaƴan da ya haifa, alhali limamin Katolika ba ya aure. Sai a 2010, cikar shekara 200 da tashin Dolores, aka yi wani sinima wanda ya nuna shi da ƙuruciyarsa, mai son kiɗa da wasan kwaikwayo da mata.

Haka kuma shekara bakwai da ya yi a Dolores yana koya ma mutane ginin tukwane da jima da kiwon zuma, wurinsu kaɗan ne a manyan bangaye. Wata shida na yaƙi sun cinye shekara bakwai na aiki. Mai riƙe da wuta ya fi mai riƙe da yumɓu cika ido. Amma garin Dolores har yau an san shi da tukwane da kwanonin ƙasa masu ado.

Kada ku ce masu zanen nan maƙaryata ne. Kowane ya ɗauki yanki na gaskiya ya girmama shi, ya bar saura. Linati ya ɗauki mayaƙi, Serano ya ɗauki malami, Ramires ya ɗauki uba, Ribera ya ɗauki mai tsinka sarƙa, Orozko ya ɗauki wuta. In ka duba da kyau, kowane hoto ya fi ba ka labarin shekarar da aka yi shi bisa ga labarin 1810. Na 1865 na gaya maka tsoron baƙon sarki. Na 1937 na gaya maka tsoron mutumin da ya ga yaƙi ɗaya, yana jin ƙanshin na biyu.

Saboda haka, duk lokacin da kuka ga hoton wani babban mutum na dā, a littafi ko a bango ko a takardar kuɗi, ku yi masa tambayoyin da kuke yi ma wasiƙa. Wa ya yi shi? A wace shekara? Wa ya biya kuɗin aikin? Ya ga mutumin da idonsa, ko ji ya yi? Me aka sa masa a hannu, me aka ɗauke?

Kowace shekara, daren 15 ga Satumba, shugaban ƙasar Meksiko na fitowa bisa benen fada, ya kaɗa ƙararrawar nan ta Dolores, ya kira sunan Hidalgo, dubban mutane a dandali su amsa. Ƙasusuwansa na ajiye cikin ginshiƙin ƴanci, inda aka kai su a 1925. Fuskar da jama'a ke ɗagawa a daren, ta Hwakin Ramires ce.